Hawa keke a Wadi Hanifa: ta ina sabon shiga zai fara?

Bazazzagi_Riyad

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan garin Riyad, musamman masu hawa keke. Ni a unguwar Suwaidi nake zaune, aikina na zama ne tun safe har bayan la'asar, jiki ya fara nauyi kuma gaskiya motsa jikin cikin ɗaki da esi ɗin nan bai kwanta min a rai ba, iska nake so in sha. Keke dai tun ina yaro na iya amma irin namu na gida, na zuwa makaranta da aike, ban taɓa hawa na dutsen nan mai giya da shok ba. To duk sanda na bi ta kan gada ina hango mutane can ƙasa cikin kwarin Wadi Hanifa da hular kwano suna bin 'yan siraran hanyoyin ƙasa, su hau gefen kwarin su gangaro, wlh abin yana ba ni sha'awa.

Abin da nake so in sani, ta ina sabon shiga zai fara wanda ba zai je ya karya ƙafa ba, kuma wane lokaci ya fi? Sannan riyal 1,500 na ware, zai sai min keken da zai iya wajen ko sai na ƙara? Akwai wani abokin aikina da yake ta zuga ni wai mu wuce kai tsaye Jabal Fihrain, can inda ake ce ma ƙarshen duniya, wai nan ne ake hawan gaske, wadi kuma wajen yara ne. Kuma baƙo mai igama, wato katin izinin zama, ba shi da matsala in ya shiga wuraren nan? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Abu_Hafsa

Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannu da ƙoƙari. Da farko ka ba abokin naka haƙuri, ba yanzu ba tukuna. Jabal Fihrain yana can kusan kilomita 90 arewa maso yamma da gari, hanyar ƙarshe duk burji ce sai mota mai jan ƙafa huɗu, sabis na waya yana ɗaukewa, kuma bakin dutsen a tsaye yake ba shinge ba komai. Wanda bai gama sanin birkin kekensa ba ba shi da abin yi a can.

Shi kuwa Wadi Hanifa duk wanda ya ce maka wajen yara ne to gefe ɗaya ya gani ya koma gida. Tsawonsa ya kai kilomita 120, ya taso ta wajen Uyaina da Jubaila, ya ratsa Dir'iyya da Irƙa, ya bi ta yammacin gari har ya fita kudu ta Ha'ir, ga kuma ƙananan kwaruruka da suke zuba a cikinsa irin su Laban da Namar. Akwai inda yaro ɗan shekara bakwai zai tuƙa lafiya lau, akwai kuma inda ni kaina sai na sauka na tura.

Tunda a Suwaidi kake, Namar ya fi kusa da kai, ka fara da can. Akwai dam da tafki da hanya shimfiɗaɗɗiya a bakin ruwa, ka je da sassafe kafin mutane su cika, ka yi ta kai da kawowa har hannunka ya saba da canza giya ba tare da ka kalli ƙasa ba. In ka gaji da shi ka sa keken a bayan mota ka je dam ɗin Saddul Ilb da ke arewa da Dir'iyya, nan ni na fi so ga mai koyo, saboda kwarin yana da faɗi, gonakin dabino hagu da dama, akwai siririyar kwalta a tsakiya akwai kuma hanyar ƙasa a gefe, in ƙasar ta ba ka tsoro ka dawo kwalta in kwalta ta gundure ka ka koma ƙasa, babu hawa mai tsanani amma za ka fara jin yadda taya take yi a kan tsakuwa da kuma inda yashi ya taru.

Bayan nan sai Hayyus Safarat, unguwar jakadu, inda ofishin jakadancinmu na Najeriya yake. Mutane da yawa zuwa sabunta fasfo kawai ya kai su, ba su san a bayan unguwar akwai hanyar ƙasa da ta bi gaɓar dutse tana kallon wadin ba, ta wajen ginin da ake kira Fadar Tuwaiƙ. Wannan ita ce makarantar gaske. Hawan ba dogo ba ne amma ba ya ba ka hutu, ka hau kaɗan ka gangara kaɗan ga kwana, ga matakala ta dutse, ga masu gudu da ƙafa sun ɓullo ta bayan itace. Dutsen wajen fari ne mai hawa-hawa, kuma abin da yake kada mutane ba tsayinsa ba ne, 'yar tsakuwar da take kwance a kan falalen dutsen ce, kamar gero ne aka shanya a kan siminti, kana damƙe birkin gaba taya ta zame sai dai ka ji ka a ƙasa. Saboda haka in za ka gangara ka tashi daga kan sirdi, fedoji biyu su daidaita, ka ja jikinka baya kaɗan, gwiwar hannu a sake, birki biyun a tare a hankali da yatsa ɗaya ɗaya, kuma ka rage gudu tun kafin kwana ba a cikinta ba. Idonka can gaba inda kake so ka bi, wlh duk dutsen da ka zuba wa ido shi za ka daka. Wajen hawa kuma akasin haka, ka zauna, ka sauke giya tun kafin hawan ya kama ka, in ka miƙe tsaye tayar baya za ta yi ta juyawa a banza. Inda ka ga zuciyarka ba ta ba ka ba ka sauka ka tura, ba wanda zai maka dariya, kowa yana yi.

Maganar lokaci, daga Oktoba zuwa Maris ne kakar abin. Disamba da Janairu da asuba sanyi yana shiga ƙashi, ka sa safar hannu mai rufe yatsu. Da zafi kuwa Riyad tana kai digiri 45, in dole sai ka fita to kana sallame asuba ka hau, kafin ƙarfe takwas ka dawo, kuma iskar nan busasshiya ce gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi asarar ruwa ba alhali ka ƙare. Kar ka fita da ƙasa da lita biyu, da 'yan dabino a aljihu.

Igama ba matsala, wurare ne na kowa kuma ba a biyan kuɗin shiga. Kawai ta kasance a jikinka, musamman a ƙofar Safarat akwai jami'an tsaro, kuma kar ka ɗauki hoton gine-ginen jakadanci.

MaiFaci_Batha

Slm. Yaya Abu Hafsa ya gama magana kan hanya, bari ni in taɓa keken tunda shi ne sana'ata tun a Kano.

1,500 ɗinka za ta yi amma da sharaɗi, kar ka sai sabo. Kekunan nan da ake jerawa a manyan kantuna kusa da kayan wasan yara, masu shok gaba da baya da fenti mai ƙyalli, ka rufe ido ka wuce su, nauyi ne kawai, shok ɗin sifirin ne ba ya riƙe komai, kuma a hawa na farko giyar baya za ta fara tsalle. Ka shiga Haraj, manhajar saye da sayarwa a waya, ka nemi na hannu, Trek ko Giant ko makamancinsu, mai shok a gaba kawai, taya inci 29 ko 27.5 in kai gajere ne, birkin faranti kuma in ka samu na mai ya fi na waya. Ana samu sosai saboda mutane suna saye da ɗoki lokacin sanyi, zafi na shigowa su jingine shi a baranda, ko wanda zai bar ƙasar gaba ɗaya yana neman ya rabu da kaya. In ka je gani ka ɗaga gaban ka juya wili ka ga ko yana rawa, ka damƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya in ka ji ƙwas ƙwas a wuya to akwai aiki, ka duba wajen walda ko akwai tsagewa, in akwai ko kyauta ne kar ka karɓa. Kuma saiz ɗin firem ya fi suna muhimmanci, keken da ya fi ƙarfinka bayanka ne zai biya.

Ka rage kamar 300 a kuɗin na hular kwano da famfo ƙarami da tib na safaya da kayan faci. Babban abokin gabarka a wadi ƙaya ce, itatuwan ɗalh da magarya sun cika wajen, ƙayar tana kwance a ƙasa ba ka gani, sai ka dawo gida lafiya da safe ka tarar taya ta kwanta. In da hali a mayar maka da tayoyin marasa tib a zuba ruwan nan mai toshe huji, in babu hali akwai tib da yake zuwa da ruwan a ciki. Kar ka cika iska tam kamar na kwalta, ka bar ta ta ɗan lotsa in ka danna da babban yatsa, ta fi kama ƙasa.

Abu na ƙarshe dan Allah kar ka zuba wa sarƙa baƙin mai na mota yadda muke yi a gida. Ƙurar garin nan tana haɗuwa da shi ta zama tamkar sanfefa ta cinye haƙoran giya. Akwai busasshen mai na keke, ka ɗiga kaɗan ka goge da tsumma.

Hausawi_Makka

Ya akhi ku mutanen Riyad wallahi kuna ƙoƙari, amma in ana maganar keken dutse ku zo Ɗa'if ku gani. Hada da Shafa ya'ani tsayinsu ya kai mita 2,000, lokacin da ku kuke ɓuya a esi mu muna hawa da rana tsaka cikin itatuwan ar'ar, hazo yana tasowa daga ƙasan dutse yana wuce ka. Ga hanyoyin gonakin wardi, in ka zo Maris ko Afrilu lokacin tsinkar fure ƙamshi kawai. Gangarar can gangara ce ta gaske ba ta minti biyu ba, sai yatsunka sun gaji da birki. Bas ka kula da birai, kar ka buɗe leda a gabansu, kuma kar ka ce za ka sauka ta babbar hanyar Hada da keke, kwana ce a kan kwana ga motoci. In ka zo umra ka ƙara kwana ɗaya ka hau, ahlan wa sahlan, akwai 'yan uwa da yawa a can.

Abu_Hafsa

Gaskiyarka ɗan Makka, ba mai ja da Ɗa'if, ga Suda ma a Abha da ta kusa mita 3,000. Amma mutum yana Suwaidi yana da Juma'a da Asabar kawai, Ɗa'if ta haura kilomita 700 daga nan, sau nawa zai je a shekara? Wanda zai gyara masa jiki shi ne wanda zai iya zuwa kafin lokacin aiki ya dawo ya yi wanka. Kuma mu ma muna da Tuwaiƙ a bayan gida, tsaunin da ya miƙe kusan kilomita 800, da tsofaffin hanyoyin raƙuma da aka jera da dutse ta wajen Durma. In ƙafarsa ta yi ƙwari za mu kai shi, cikin ayari ba shi kaɗai ba.

Baba_Direba

Salamu alaikum yarana. Ni ban hawa keke yanzu, gwiwa ta ƙi, amma na san wadin nan tun kafin a gyara shi, kuma akwai abin da ban ga kowa ya faɗa ba wanda shi ne ya fi damuna.

Da can wajen juji ne. Motocin gini nan suke zubar da ɓaraguzai, ana haƙar tsakuwa da yashi an bar ramuka, ga ruwa mai wari yana kwance, ba wanda zai kai iyalinsa. Daga wajen 2001 hukumar raya birnin Riyad ta ɗauki aikin, aka kwashe shara, aka gyara hanyar ruwa, aka dasa itatuwan da suka saba da ƙasar, aka yi wuraren zama da katangar dutse, har a 2010 aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. To gyaran nan ya sa wasu sun manta cewa kwari ne, hanyar ruwa ce da Allah ya yi, ba lambu ba.

Ɗana ka saurare ni da kyau. Ruwan sama a nan ba shi da yawa amma in ya zo, galibi wajen Nuwamba ko Maris da Afrilu, ƙasar ba ta sha, dutse ne, duk abin da ya zuba a kan Tuwaiƙ sai ya gangaro ta ƙananan kwarurukan nan ya haɗu. Kana iya kasancewa a inda rana take ƙwal, ba ɗigo ɗaya a kanka, alhali can yamma an kwashe rabin awa ana tafkawa. Na taɓa tsayawa a kan gada ina kallo, abin da ya fara zuwa ba ruwa ba ne, wata ƙara ce daga nesa, sai ga kumfa ja tana tura itace da robobi a gabanta, kafin in gama kiran mai gidana a waya hanyar da motoci suke bi ta ƙasa ta ɓace. Mai keke a wajen nan ina zai nufa, gefe biyu duk dutse? Saboda haka in saƙon gargaɗi na Difa'ul Madani, hukumar kare jama'a daga bala'i, ya shigo wayarka ko ka ga hadari ya haɗu ta yamma, ranar ba ranar wadi ba ce, ko da kun yi alkawari da mutum goma. In ya riske ka a ciki ka bar keken ka hau sama, keke ana sayen wani. Masu mota ma da suke kutsawa cikin kwari yana gudu tara ce mai nauyi a kansu, tana kai riyal 10,000. Bayan ruwa ya wuce kuma ka ba shi kwana biyu, laka tana rufe ramuka.

Ka ajiye 911 a ka, tana aiki a Riyad, motar asibiti kuma 997. Kuma duk inda za ka ka gaya wa wani, ka tura masa inda kake a WhatsApp. Mu nan baƙi ne, in ka faɗi a lungu ba mai cewa ɗan gidan wane bai dawo ba sai wanda ka gaya wa. Ruwan da kake gani yana gudu ta kudu wajen Ha'ir ko da rani, da kifi a ciki, ruwan gari ne da aka tace, ba na sha ba ne ba na wanka ba. Allah ya tsare.

Maman_Ilham

Amin Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da zan ƙara, mu muna kai yara da kekunansu, kuma ina roƙon masu manyan kekunan nan ku ji tsoron Allah ku rage gudu a inda iyalai suke zama. Ranar Juma'a bayan la'asar wajen cika yake, an shimfiɗa darduma ana gashi ana shan shayi, yara suna tsallaka hanya ba sa duba ko'ina, motoci kuma an faka su har kan hanyar ƙasa. Ba lokacin gwada gudu ba ne. In kana son wajen ya zama naka kai kaɗai ka zo Juma'a da sassafe, garin duk barci ake. Ka sa ƙararrawa a keken, kuma ta wajen gonaki akwai karnuka, in sun biyo ka kar ka tsere, ka tsaya ka sa keken tsakaninka da su za su koma. Sannan ledar ruwa da bawon ayaba a dawo da su mota dan Allah, abin yana min ciwo in na ga yadda ake barin wajen ranar Asabar.

Ga wanda bai shirya wa ƙasa ba kuma akwai Masarur Riyadi, doguwar hanyar motsa jiki, aikin da aka ƙaddamar a 2019 wanda aka tsara zai haura kilomita 135 ya haɗa Wadi Hanifa da Wadi Sulai, an buɗe wani ɓangare, hanyar keke daban ta masu tafiya daban. Ni da 'yata can muke zuwa.

Dalibi_Jamiatul_Imam

Malam Bazazzagi in ka kai ga zuwa arewa ka ɗan tsaya ka tuna inda kake. Sunan kwarin daga Banu Hanifa ne, ƙabilar da Musailama ya fito, kuma ta wajen Jubaila aka yi yaƙin Yamama a zamanin Sayyidina Abubakar, inda mahaddata da yawa suka yi shahada har da Zaidu ɗan Khaɗɗabi ɗan uwan Sayyidina Umar, wanda hakan ne ya zama sanadin tattara Alƙur'ani wuri ɗaya. Mun karanta tun a islamiyya a gida ba mu san wata rana za mu taka ƙasar ba. Ga kuma Ɗuraif a Dir'iyya, gine-ginen ƙasa da UNESCO ta sa a jerinta a 2010, ana hango su daga cikin wadin. Sai dai ana ta gini a yankin, hanyar da ka bi wannan watan wata mai zuwa ka tarar an kafa shinge, kar ka dogara da tsohuwar taswirar da wani ya ɗora a manhajar Strava ko Wikiloc, ka duba kwanan watanta.

Bazazzagi_Riyad

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba maganarka ta shige ni. Na shiga Haraj na ga wani Giant taya 29 birkin mai, mai shi yana unguwar Shifa a nan Riyad yana cewa 1,300, saiz L ne ni kuma tsayina santimita 172. Malam mai faci ya kake gani? Kuma Yaya Abu Hafsa in ba damuwa zan so in bi ku ranar da za ku Saddul Ilb.

MaiFaci_Batha

L ya maka girma, M za ka nema. Kar arha ta ja ka, ka ƙara kwana biyu wani zai fito.

Abu_Hafsa

Ba damuwa ko kaɗan, Asabar muke fita in Allah ya kai mu, muna haɗuwa a wajen fakin na dam ɗin bayan sallar asuba. In ba ka samu keken ba kafin nan ka zo haka, akwai M guda a gida na ƙanena da ya tafi hutu, zan sako shi a mota. Hular kwano dai ka sayo taka, wannan ba ma ba da aro kuma ba ma tafiya da wanda ba shi da ita. Ka turo min lambarka ta saƙon sirri.